Jami'in horar da ma'aikata

Jami'in horar da ma'aikata shi ne mutumin da kamfani, ma'aikatar gwamnati ko ƙungiya ke ɗora wa alhakin koya wa ma'aikata aiki, ko ƙara musu ƙwarewa a kan wanda suka riga suka iya. Galibi yana ƙarƙashin sashen kula da ma'aikata, ko da yake akwai masu zaman kansu da ake ɗauko hayarsu su gudanar da bita su tafi. Bambancinsa da malamin makaranta shi ne, shi ana auna aikinsa ne da abin da ya canza a wurin aiki bayan an tashi daga bita. Kalmar "horo" a nan koyarwa take nufi, duk da cewa a Hausa tana kuma ɗauke da ma'anar hukunci, shi ya sa wasu suka fi son cewa horarwa ko horaswa.

Tarihi

Koyon sana'a a hannun maigida daɗaɗɗen abu ne, amma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya taimaka wajen mayar da horarwa sana'a mai zaman kanta. A shekarar 1940 gwamnatin Amurka ta kafa wani shiri mai suna Training Within Industry, wato horo a cikin masana'anta, domin ƙwararrun ma'aikata suna tafiya fagen daga, masana'antu kuma suna cika da sababbin hannu. Shirin ya koya wa shugabannin ma'aikata yadda ake koyar da aiki a matakai huɗu: a shirya mai koyo, a nuna masa aikin, a sa shi ya gwada da hannunsa, sannan a riƙa bibiyarsa. Ana kammala kwas ɗin cikin awa 10, zama biyar na awa bibbiyu. Aƙidar shirin ita ce idan ma'aikaci bai iya ba, laifin na mai koyarwa ne. An rufe shi a 1945, amma ya samu karɓuwa a Japan bayan yaƙi, inda kamfanin Toyota ya rungume shi.

A cikin shekarun yaƙin ne kuma jami'an horarwa na Amurka suka kafa ƙungiyarsu, ASTD, wadda ta sauya suna zuwa ATD a 2014.

Ayyuka

Tsayuwa gaban aji ƙaramin ɓangare ne na aikin. Da yawa daga cikin jami'an suna bin tsarin da ake kira ADDIE, wanda aka samar a Jami'ar Jihar Florida a 1975 domin sojojin Amurka. Ana fara binciko abin da ma'aikata suka rasa, a tsara darasi, a haɗa kayan koyarwa, a gudanar, sannan a auna sakamako. Sauran lokacin yakan tafi wajen neman ɗakin taro, tsara kasafin kuɗi, rubuta rahoto, da lallaɓar shugabannin sassa su saki mutanensu na kwana biyu.

Ƙalubale

Matsala ta farko tana zuwa tun kafin a fara. Shugabanni kan aiko da buƙatar bita duk lokacin da aiki ya taɓarɓare, alhali ba kowace matsala ce rashin iyawa ke kawo ta ba. Robert Mager da Peter Pipe, a littafinsu na 1970 kan nazarin matsalolin aiki, sun ba da shawarar a fara tambaya ko ma'aikacin zai iya yin aikin da a ce ransa ya dogara a kai. Idan zai iya, to ba ilimi ya rasa ba. Mai yiwuwa kayan aiki ne babu, ko albashi ne ba ya zuwa a kan lokaci, ko kuwa wanda ya yi daidai da wanda ya yi sakaci duk ɗaya ake ɗaukarsu. Ma'aikacin asibitin da ba ya wanke hannu saboda famfo ba ruwa, ko sau nawa aka kai shi bita ba abin da zai sauya. Faɗa wa shugaba wannan gaskiya yana da wuya, musamman ga ƙaramin jami'i, don haka sau da yawa akan yi bitar kawai a wuce wurin.

Ko da horon ya dace, sai an yi da gaske yake bin ma'aikaci zuwa bakin aikinsa. Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace yana saurin zubewa idan ba a maimaita shi ba. A 1988 Timothy Baldwin da Kevin Ford suka yi bitar binciken da aka yi kan wannan batu, suka nuna cewa yanayin wurin aiki, kamar goyon bayan shugaba da samun damar gwada abin da aka koya, yana cikin abubuwan da ke sa horo ya zauna ko ya bi iska. Waɗannan kuwa ba a hannun jami'in horarwa suke ba.

Daga nan sai batun hujja. Donald Kirkpatrick na Jami'ar Wisconsin ya fara wallafa jerin maƙaloli a 1959 waɗanda suka zama ma'aunin da aka fi sani a wannan fage. Matakansa huɗu ne: yadda mahalarta suka ji da horon, abin da suka koya, canjin da aka gani a aikinsu, da amfanin da ma'aikatar ta samu. Matakin farko shi ne mafi sauƙi, takarda ce ake rabawa a ƙarshen zama, kuma shi aka fi yi. Sai dai mutum na iya yaba abinci da barkwancin mai koyarwa ba tare da ya koyi komai ba. Mataki na uku da na huɗu suna buƙatar watanni ana bibiya, kuma ko da ciniki ya ƙaru, da wuya a rarrabe ko horon ne ya jawo ko kasuwa ce ta buɗe. Rashin wannan hujja na daga cikin dalilan da ke sa kuɗin horarwa ya kasance cikin na farko da ake zaftarewa idan kamfani ya shiga matsi.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda ba a cika ba ta muhimmanci ba. A ƙasashe irin su Najeriya da Nijar akan rubuta kayan bita da Turanci ko Faransanci, alhali direbobi, masu gadi da leburori da yawa sun fi fahimtar Hausa ko wani harshen gida. Mai koyarwa sai ya koma tafinta nan take, yana laluben kalmar da zai kira wani ɓangaren inji da ita.

Ci gaba a sana'ar

Mutane da yawa ba wannan fanni suka karanta ba. Injiniya ne ko ma'aikacin banki da aka ga ya iya bayani, aka ce ya riƙa koya wa sababbi. Irin waɗannan sukan fara da kwas ɗin horar da masu horarwa, su karanci yadda manya ke koyo, fannin da Malcolm Knowles ya shahara a kansa. Manya suna son sanin amfanin abu kafin su koye shi, kuma suna zuwa da gogewarsu da ba sa son a raina. Daga baya wasu kan nemi takardar shaidar ƙwarewa daga ATD ko daga CIPD ta Birtaniya. Tun daga annobar korona ta 2020, iya koyarwa ta intanet ya zama dole ga mafi yawansu.

A Najeriya

An kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, a 1971, kuma hedikwatarsa tana Jos. Doka ta wajabta wa kamfanonin da suka cika sharuɗɗa su biya kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu na shekara. Kamfanin da ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'idar asusun yana iya neman a mayar masa da wani kaso na abin da ya biya, kuma haɗa takardun wannan nema yakan faɗa kan jami'in horarwa. Asusun ne kuma ya ƙirƙiro shirin SIWES, wanda ke tura ɗaliban manyan makarantu koyon aiki a masana'antu da ofisoshi.