Baƙin allo ba abin tsoro ba ne: jona intanet ɗin gida da rubutu kawai

Ka taɓa ɗora Linux a tsohuwar kwamfutarka, ka kunna, sai baƙin allo kawai, babu alamar Wi-Fi da za ka latsa? Ga aikin makaranta na jiranka, ga kuɗin intanet na wata ka riga ka biya. Kafin ka ruga wajen mai gyara, gwada wannan tukuna.

Fara da rubuta ip a. Zai jero maka kafofin sadarwar na'urarka: na waya sukan fara da "en" ko "eth", na Wi-Fi kuma da "wl".

In da Wi-Fi za ka jona, rubuta nmcli device wifi list ka nemo sunan na gidanku. Sai nmcli --ask device wifi connect, ka biyo shi da sunan. Kar ka manta da --ask ɗin nan: shi zai sa a tambaye ka kalmar sirri daban, ba za ta zauna cikin tarihin umarni ba, inda ƙaninka zai iya tono ta.

In kuwa kamfaninku PPPoE ya ba ku, a Debian ko Ubuntu sudo pppoeconf zai tambaye ka suna da kalmar sirri, muddin manhajar na kan na'urar. Daga nan pon dsl-provider ke kunnawa, poff ke kashewa.

Yanzu gwada ping -c 4 8.8.8.8. In amsa ta dawo amma shafuka sun ƙi buɗewa, layinka ƙalau yake. Matsalar DNS ce, wato mai mayar da sunan shafi lamba. Can za ka duba, ba sai ka kira kamfani kana faɗa ba.