Yadda Gwamnatocin Duniya Ke Sa Wa Ƙirƙirarriyar Basira Linzami

Gabatarwa

Ƙirƙirarriyar basira fasaha ce da ke bai wa kwamfuta damar yin ayyukan da a da sai ɗan Adam, kamar fassara da rubuta wasiƙa da zana hoto da kwaikwayon murya. Tana koyon haka ne daga ɗimbin rubuce-rubuce da hotuna da muryoyin da aka ɗura mata. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, gwamnatoci suka tashi haiƙan wajen neman yadda za su sa mata linzami. A 2023 ma ƙasar Italiya ta dakatar da ChatGPT na kusan wata guda saboda batun sirrin bayanan jama'a. Wannan maƙala za ta duba hanyoyi uku da manyan ƙasashe suka bi, sannan ta nuna inda ɗalibin harshe ya shigo.

Tarayyar Turai

Turawa sun ɗauki matakin rigakafi ya fi magani. Majalisar Tarayyar Turai ta amince da cikakkiyar doka a watan Maris na 2024, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Agusta na wannan shekarar. Dokar ta kasa fasahar gida huɗu gwargwadon haɗarinta. Kaso na farko shi ne wanda aka haramta, kamar manhajar da ke ba mutane maki bisa ɗabi'unsu domin a tauye musu haƙƙi, ko mai karanta yanayin zuciyar ɗalibi a makaranta. Na biyu shi ne mai babban haɗari, kamar mai tantance masu neman aiki ko bashi ko duba jarrabawa, wanda dole a bincike shi, a kuma sa mutum ya riƙa lura da shi. Na uku sharaɗinsa bayyana gaskiya, wato a sanar da mutum cewa da na'ura yake hira. Na huɗu kuwa, irin mai tace saƙonnin banza, an bar shi ya sarara. Kamfanin da ya aikata abin da aka haramta zai iya biyan tarar da ta kai Yuro miliyan 35, ko kashi 7 cikin ɗari na cinikinsa na shekara.

Amurka

A Amurka manyan kamfanonin wannan fasaha suke, don haka gwamnati na tsoron kada doka ta daƙile su. A watan Oktoba na 2023 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a wani umarni da ya wajabta wa masu ƙera manyan manhajoji su miƙa wa gwamnati sakamakon gwajin tsaronsu. To amma umarnin shugaba ba dokar majalisa ba ne. Ranar 20 ga Janairu na 2025 Shugaba Donald Trump ya soke shi. Har shekarar 2025 ta ƙare babu cikakkiyar dokar tarayya a kan lamarin, sai dai jihohi irin su Kalifoniya da suka yi nasu.

Sin

Damuwar ƙasar Sin ita ce abin da na'urar za ta faɗa. Ƙa'idojin da suka fara aiki ranar 15 ga Agusta na 2023 sun tanadi cewa duk abin da manhaja za ta rubuta wa jama'a ya dace da aƙidar gurguzu ta ƙasar. Daga 1 ga Satumba na 2025 kuma, wajibi ne a sa alama a kan rubutu ko hoto ko murya ko bidiyon da na'ura ta ƙirƙira.

Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

Kowace doka daga cikin waɗannan ta dogara ne da gwaji, gwaji kuwa da harshe ake yin sa. A 2023 masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun nuna cewa tambayoyi masu cutarwa da GPT-4 ke ƙin amsawa da Ingilishi, yakan amsa da yawa daga cikinsu idan aka fassara su zuwa harsuna irin su Zulu. Dalili shi ne ƙarancin rubutun waɗannan harsuna a cikin abin da aka horar da shi. Ke nan katangar da aka gina da Ingilishi ba lalle ta kare mai magana da wani harshen Afirka ba.

Afirka ma ta fara motsi. Nijeriya na cikin ƙasashe 28 da suka sa hannu a sanarwar Bletchley a Ingila a Nuwamban 2023, Tarayyar Afirka kuma ta amince da tsarinta na nahiya a birnin Akara a Yulin 2024. Sai dai rubuta tsari daban, aiwatar da shi daban. Wa zai gane habaici ko zambo ko ingiza jama'a a cikin Hausar da na'ura ta rubuta, in ba wanda ya naƙalci harshen ba?

Kammalawa

Kamar yadda aka gani, Turai na kare haƙƙin ɗan ƙasa, Amurka na kare kasuwarta, Sin na kula da abin da ake faɗa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Namu aikin shi ne tattara ingantaccen rubutu da ƙirƙiro kalmomin fannu da koyon gwada waɗannan manhajoji da harshenmu tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.