Ko Kun Sani? Tawadar Allah ma kan rikiɗe

Tawadar Allah da ake haifar jariri da ita tana iya zama sankarar fata, tun yaro bai balaga ba. Kusan jariri ɗaya cikin 100 yana zuwa da ƙarama, wadda da wuya ta yi illa. Babbar ce abin kula: baƙa, wani lokaci mai gashi, wadda kan kai faɗin santimita 20 idan mutum ya girma. Ita kuwa sai cikin haihuwa kusan 20,000 ake samun guda. Dalili shi ne ƙwayoyin da ke ba fata launi sun taru fiye da kima a wuri ɗaya, har can ƙarƙashin fata.

Cire ta ba aikin wanzami ba ne. Likitocin fiɗa kan sa 'yar jaka a ƙarƙashin lafiyayyar fatar da ke gefe, su riƙa cika ta da ruwan gishiri na makonni har fatar ta miƙe, sannan su yanke tabon su rufe wurin da ita. Iyaye a Zurmi da suka ga ƙullutu, gyambo ko jini a kan tabon, su nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato.