Zaurancen Na'ura: Taƙaddama Kan Sirrin Saƙonnin Wayar Hannu

1.0 Gabatarwa

Ɓoye ma'ana daga kunnen da ba a so ya ji daɗaɗɗiyar al'ada ce a harsunan duniya. A Hausa akwai zaurance, inda akan juya gaɓoɓin kalma ko a cusa wasu sautuka a tsakaninsu, ta yadda sai wanda ya san ƙa'idar zai fahimta. Wayoyin hannu ma suna yin haka, amma da lissafi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake kulle saƙo, da kuma saɓanin da hakan ya haifar tsakanin gwamnatoci da kamfanonin waya.

2.0 Yadda Ake Kulle Saƙo

A zaurance, sirrin yana cikin ƙa'ida, wanda duk ya koye ta ya gama. A na'ura kuwa ƙa'idar sananniya ce, sirrin yana cikin mabuɗi, wato dogon jerin lambobi da ake hautsina saƙo da shi. Tsarin ya kasu gida biyu. A na farko, kamfani yana riƙe da mabuɗin, don haka kotu na iya tilasta masa ya buɗe saƙo. A na biyu, mabuɗin yana cikin wayar mai aikawa da ta mai karɓa kaɗai. Wannan ne WhatsApp ya shimfiɗa wa dukkan masu amfani da shi a watan Afrilun 2016.

3.0 Misalan Taƙaddamar

A shekarar 2010, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Saudiyya da Indiya sun yi barazanar dakatar da wasu ayyukan wayar BlackBerry, ta kamfanin Research In Motion na Kanada, muddin ba a ba jami'an tsaronsu damar karanta saƙonni ba. Kamfanin ya amsa da cewa ba ya riƙe da mabuɗan manyan ma'aikatun da ke hulɗa da shi. Daular Larabawa ta tsayar da ranar 11 ga Oktoba, sannan ta janye ana saura 'yan kwanaki. A 2013 Indiya ta sami damar bibiyar saƙonnin ɗaiɗaikun mutane, ban da na ma'aikatu.

A Amurka kuwa, bayan harin San Bernardino na Disambar 2015 wanda ya halaka mutum 14, wata kotu ta umarci kamfanin Apple a Fabrairun 2016 da ya taimaka wa hukumar FBI ta buɗe wayar ɗaya daga cikin maharan. Apple ya ƙi. A watan Maris hukumar ta janye ƙarar, bayan wasu ƙwararru sun buɗe mata wayar.

4.0 Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Hujjar gwamnatoci ita ce, tun da kotu na iya ba da izinin binciken gida, bai kamata a sami saƙon da ya fi ƙarfin kotu ba. Masana na'ura kuwa sun nuna cewa duk ɓarauniyar hanyar da aka bar wa hukuma, ɓarawo ma zai iya binta, domin lissafi bai san mai takardar izini ba. Abin da ya auku a Girka tsakanin 2004 da 2005 ya ƙarfafa wannan ra'ayi: wasu sun kutsa cikin tsarin sauraren da aka tanadar wa hukuma, suka riƙa sauraren wayoyi kimanin 100, har da ta Firayim Minista Kostas Karamanlis.

A Nijeriya ma akwai wannan jan igiya. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin wasiƙu da maganganun tarho, amma sashe na 45 ya halatta taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa tushen rigimar shi ne hannun da mabuɗi yake. Idan yana hannun kamfani, doka za ta kai gare shi, kamar yadda mai kutse zai iya. Idan yana hannun masu magana kaɗai, an kare mai gaskiya tare da mai laifi. Wannan hukunci ya shafi miliyoyin 'yan ƙasa masu aika saƙon murya cikin harsunansu, kuma ba za su iya tofa albarkacin bakinsu ba sai an yi musu bayani da kalmomin da suka sani. Saboda haka ya wajaba masana harsunan Nijeriya su daidaita kalmomin wannan fanni, musamman bambancin ɓoye saƙo da kulle shi.