Kaurin waya da ƙarfin disjonkter a gidan da ke amfani da hasken rana

Wutar hasken rana ta shiga gidaje da yawa a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, har ma da ƙauyukan da layin NIGELEC bai kai ba. Idan mutum zai saye kayan, hankalinsa yana kan farantin da ke kama rana, da batiri, da na'urar da ke juya wutar batiri ta koma irin wutar gari, wadda wasu ke kira ondiler, wasu kuma inbata. Waya kuwa sai a ƙarshe ake tunawa da ita, bayan kuɗi sun ƙare, sai a ɗauko duk wadda aka samu. Alhali waya marar kauri tana iya tada gobara a ɗakin da iyali ke barci.

Kalmomi uku da za ku gani a jikin kayan

Za ku ga harafin V, wato bolt. Shi ne ƙarfin da ke tura wuta. Za ku ga A, wato ampa, yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Sannan W, wato wat, aikin da wutar ke yi. Masu noman rani sun san wannan a tiyon ban ruwa: da ƙarfin da injin ke tura ruwa, da yawan ruwan da ke wucewa, abu biyu ne dabam. Ruwa mai yawa yana buƙatar tiyo mai faɗi. Haka ampa mai yawa tana buƙatar waya mai kauri.

Lissafin guda ne: ku raba wat da bolt, ku samu ampa.

Mu ɗauki ondiler mai wat 500. A bakin da wuta ke fita zuwa fanka da talabijin, ƙarfinta bolt 220 ne. Idan aka raba 500 da 220, ampa ba ta kai 3 ba. Siririyar wayar gida ta isa. Amma a bakin da ke haɗe da batiri, ƙarfin bolt 12 ne kawai. Idan aka raba 500 da 12, an samu wajen ampa 42. Ƙari a kan haka, ondiler tana cin wani abu don kanta, kuma batiri yana raguwa cikin dare. Saboda haka ga hanya mai sauƙi: idan batirinku na bolt 12 ne, ku raba wat da 10. Idan tsarin na bolt 24 ne, ku raba da 20. Ondiler mai wat 500 za ta ja ampa 50 ke nan, mai wat 1000 kuma ampa 100.

Ku lura da kyau a nan, domin nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Suna cewa wutar batiri ba ta jan mutum, don haka ba ta da haɗari. Gaskiya ne bolt 12 ba ya jan mutum. Amma guntuwar wayar nan da ke tsakanin batiri da ondiler ita ce ke ɗauke da kaya mafi nauyi a gidan duka, kusan ninki 20 na abin da wayar ɗaki ke ɗauka.

Yadda ake zaɓen kauri

Ana auna kaurin waya da milimita murabba'i, ana rubuta shi mm² a jikin robar wayar. Ku duba, za ku ga lamba kamar 1,5 ko 2,5 ko 6 ko 16. Lambar tana nufin ƙarfen da ke ciki, ban da roba.

A cikin ɗaki, wajen bolt 220, waya mai 1,5 ta isa ga fitilu, mai 2,5 kuma ga wuraren da ake jona kaya. Tsakanin batiri da ondiler mai wat 500, ku sa mai 16. Ga mai wat 1000 a kan bolt 12, ku sa mai 35, wadda ƙarfenta ya kusa kaurin fensir. Idan kun sa mai 2,5 a wurin da ampa 50 ke wucewa, kun ɗora mata fiye da ninki biyu na abin da za ta iya. Za ta yi zafi, robar ta yi laushi, wata rana ta narke.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Lambobin da ke cikin littattafan ma'aikatan wuta an tsara su ne a kan zafi na digiri 30. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, balle a ɗaki mai rufin kwano. A digiri 45, waya mai robar da aka saba tana rasa wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinta. Don haka idan kuna shakka tsakanin kauri biyu, ku ɗauki babban. Kada kuma ku tura wayar ƙarƙashin katifa ko tabarma, inda iska ba ta taɓa ta.

Tsawo ma yana da nasa. Wuta tana raguwa a hanya. Da waya mai 16, idan batiri yana nesa da ondiler da mita ɗaya da rabi, abin da ke ɓacewa kaɗan ne. Idan nisan ya kai mita 5, fiye da rabin bolt zai salwanta, kuma rabin bolt abu ne babba a cikin 12. Sai ku ji ondiler tana kuka tana mutuwa, ku zaci batiri ya lalace, alhali laifin na waya ne. Ku ajiye su kusa da juna, amma kada ku ɗora ondiler a kan batiri mai ruwa, domin yana fitar da iskar da ke kama wuta. Wanda ke son ondiler da ta wuce wat 1000, a ganina gara ya koma tsarin bolt 24: ampa za ta ragu da rabi, kuɗin waya ma ya ragu.

A kasuwa kuma ku buɗe ido. Akwai waya mai arha da aka yi da alminiyam aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Ku kankare bakinta da wuƙa. Idan fari ya bayyana a ciki, ku bar ta, domin alminiyam ba ya wuce da wuta kamar jan ƙarfe, abin da yake iyawa bai kai kashi biyu cikin uku ba. Wata kuma robar ce mai kauri, ƙarfen ciki ɗan kaɗan. Waya ta gari tana da nauyi a hannu.

Disjonkter da fiyus

Aikinsu ɗaya ne: su katse wuta kafin waya ta ƙone. Fiyus yana narkewa a sake wani, disjonkter kuwa yana faɗuwa a tayar da shi. Abin da suke tsaro shi ne waya. Saboda haka lambarsu dole ta ɗara abin da ondiler ke ja, amma kada ta wuce abin da waya ke iya ɗauka.

Ku ɗauki ampa da kuka lissafa, ku ƙara mata kashi ɗaya cikin huɗu. Ampa 50 ta zama 62 da rabi, sai ku nemi mai lamba 63, wanda ya dace da waya mai 16. Ampa 100 ta zama 125, tare da waya mai 35. Idan kun sa disjonkter mai 125 a kan waya mai 16, wayar za ta riga shi ƙonewa, kamar ba ku sa komai ba.

Wurin sa shi ne kan wayar da ke fita daga kan batiri mai alamar +, dab da batirin, kamar taƙi ɗaya. Dalili kuwa, idan wayoyi biyu suka haɗu, batiri yana iya zubo ɗaruruwan ampa nan take, kuma duk wayar da ke kafin fiyus ba ta da mai tsaronta.

Ba kowane disjonkter ne ya dace da batiri ba. Wutar gari tana kai da komowa, tana sauka zuwa sifiri sau 100 a cikin daƙiƙa ɗaya, don haka tartsatsin da ke tashi lokacin katsewa yana mutuwa da kansa. Wutar batiri da ta faranti hanya ɗaya take bi, ba ta sauka, tartsatsinta yana iya ci gaba da ci har ya ƙona disjonkter ɗin. Ku nemi wanda aka rubuta DC a jikinsa. Wanda aka rubuta AC kaɗai na ɓangaren bolt 220 ne. A can, ga ondiler mai wat 500, ƙarami mai ampa 6 ya isa. Ku roƙi ma'aikaci ya ƙara muku wanda ke tsare rai, mai lamba 30 mA, ya kuma haɗa wayar ƙasa yadda ya kamata, domin bolt 220 na ondiler yana kisa kamar na gari.

Idan disjonkter yana yawan faɗuwa, kada ku sake shi da babba. Idan fiyus ya ƙone, kada ku ɗaure wurin da guntun waya. Ku rage kayan da kuka jona, ko ku kira wanda ya san aikin. Firji yakan jawo wannan, domin lokacin da injinsa ke tashi yana jan wuta ninki da yawa na abin da aka rubuta a jikinsa.

Sau ɗaya a wata, da dare bayan kaya sun yi awa guda suna aiki, ku taɓa robar wayar batiri da bayan hannu. Ɗumi kaɗan ba laifi. Idan ta yi zafin da ba ku iya riƙewa, ko kun ji warin roba, ku kashe ondiler nan take. Ku duba bakin batiri: noti mai sako-sako da farin gari da ke taruwa a kai su ma suna kawo zafi. Kafin ku ɗaure, ku cire agogo da zobe, ku kuma naɗe hannun sufana da tsumma don kada ta haɗa kawunan batiri biyu.