Masu zane da alli bisa hanya

A ƙasar Italiya, can Turai, akwai masu sana'ar zane a ƙasa. Ba su da shago, ba su da takarda. Kayan aikinsu alli ne mai launi iri-iri, da gawayi. Mai zane yana durƙusawa bisa daɓen bakin hanya, ya zana babban hoto. Masu wucewa su tsaya kallo. Wanda abin ya gamshe shi ya jefa mishi ƴan kuɗi. Da su yake ci da iyalinshi.

Ana ce musu madonari. Dalili, yawancinsu hoton Maryama uwar Annabi Isa suke zanawa, ita ce mutanen Italiya ke kira Madona. Sana'ar ta fi shekara 400. A da, gari-gari suke bi ranakun buki, kamar yadda ƴan koli ke bin kasuwanni.

Bayan yaƙin duniya na 2, masu zanen sun ragu ƙwarai. Sai a 1973 aka shirya musu gasa a ƙauyen Giraziye, kusa da birnin Mantuwa. Gasar ta ɗore, ana yin ta tsakiyar watan Agusta.

Zanen alli ba ya daɗewa. Ruwa guda ya ishe shi. Amma gwaninta tana nan cikin hannun mai ita. Gobe sai ya zana wani.

Baleyara da Kurfai ba su da daɓe kamar na Turai, amma akwai rairayi. Ranar Lahadi a kasuwar Baleyara, baƙo yana tambayar hanyar Filinge, a zana mishi ita a ƙasa. Magini yana shata ɗaki a ƙasa kafin ya gina tushe. Buzaye sun daɗe suna rubuta tifinar da yatsa bisa rairayi.

To, ƴan makarantar yaƙi da jahilci, ga abin lura. Da damina kowa yana gona, karatu ya tsaya. Wanda ya bar rubutu wata huɗu, baƙaƙe suna ɓace mishi. Alli da littafi sai da kuɗi, rairayi kuwa kyauta ne. In kun zauna hutu ƙarƙashin icce, ku share wuri da tafin hannu. Ku rubuta sunanku, da sunan garinku, da kuɗin tiyar hatsi. Ku shafe, ku sake.

In kun ga yaro yana zanen raƙumi a ƙasa, kada ku kore shi. Hannunshi ne ke koyon riƙon alƙalami.