Ɗan Rubutun da ke Sauƙaƙa Ginin Manhaja

Yawancin wayoyin salula na zamani da ke hannun ƴan kasuwar Dakoro da ma'aikatanta suna aiki ne da tsarin Android. Kowace manhaja da ke cikinsu, kafin ta iso hannun mai waya, sai an "gina" ta. Watau masana su rubuta ɗaruruwan fayil-fayil da harshen inji mai ƙwaƙwalwa, sa'an nan a harhaɗa su bi da bi, yadda magini ke jera tubali. In aka tsallake mataki guda, gini ya karkace.

A da, da hannu ake buga umurnin kowane mataki. A shekarar 1976, a ɗakunan binciken kamfanin Bell Labs na Amurka, wani masani ya ɓata safiya guda yana neman kuskuren da ya riga ya gyara, don an manta ba a sake harhaɗa fayil ɗin da ya canza ba. Wannan ya sa abokin aikinsa Stuart Feldman ya ƙirƙiro Make. Ana rubuta matakan sau ɗaya cikin fayil, daga nan kalma guda ta wadatar, inji ya sake gina abin da ya canza kaɗai.

Yau da Gradle ake gina akasarin manhajojin Android, kuma tare da shi akwai wani ɗan rubutu mai suna gradlew. Aikinsa shi ne ya duba samfurin Gradle da aikin ke bukata, ya sauko da shi daga intanet in babu, sa'an nan ya tada gini. Ta haka ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da injiniyan da ke Yamai za su yi aiki da kayan gini iri ɗaya. Sai dai saukowar farko ta wuce mega 100, abin lura ga mazauna garin da layi ke yawan yankewa.

Amma fa ɗan rubutun ba ya shawara, abin da aka sa masa yake aikatawa. A watan Janairu na 2015, layi ɗaya cikin rubutun da ke tada manhajar wasanni ta Steam ya share wa wasu masu amfani da Linux fayil-fayil ɗinsu, saboda gurbin da ya kamata ya ƙunshi sunan wurin ajiya ya kasance fanko.

To, ina ruwan ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati? Duk ofishi ko ƙungiyar da ta biya kuɗi aka yi mata manhajar lissafi ko ta rajista, ta nemi a damƙa mata asalin rubutun manhajar haɗe da ɗan rubutun gina ta, a kuma gwada shi a kan wani inji dabam kafin a biya cikon kuɗi. In ba haka ba, ranar da injiniya ya yi ƙaura, sirrin ginin ya tafi da shi, ko ƙaramin gyara ya gagara.